'Yar Kwatas

Duk wanda ya taɓa yin sauri a garin nan ya san Mai Tuta, kuma da wuya a ce bai taɓa zaginsa a zuci ba. Shi ne mai tsaron mararrabar da titin kasuwa ya ratsa layin dogo. Yana da 'yar rumfar siminti mai taga ɗaya, da baƙar wayar tarho wadda ta girmi duk 'ya'yansa, da tutoci biyu, ja da koriya. Da wayar ta yi ƙara daga tasha zai miƙe ya sauke dogon ƙarfen nan mai fenti ja da fari, ya tsaya ƙyam da tutarsa. To daga nan ko wane ne ubanka a garin sai ka jira. Direbobi su yi ta hon, masu babura su yi ta ba shi haƙuri, wasu su haɗa shi da Allah da Annabi, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: tunda ya karɓi mararrabar nan ko akuya jirgi bai taɓa takewa ba.

Aikin dogo gado ya yi shi. Ubansa ma'aikacin layi ne, a wata tasha aka haife shi, a wata aka yaye shi, a wata ya koyi karatu. Da aka kawo shi wannan garin yana sabon ango aka ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata, jerin gidaje iri ɗaya masu jan kwano a gefen tasha. A nan ya haifi 'ya'yansa duka, a nan furfura ta same shi. Kwatas kuwa duniya ce mai zaman kanta. Suna da tankin ruwansu, da ɗan asibitinsu, da firamarensu, kuma filin na gwamnatin tarayya ne, ba ruwan jiha da shi. In an yi rigimar ruwa a cikin gari, ko aka fito karɓar harajin gidaje, sai Mai Tuta ya gyara zama ya ce, "Mu 'yan dogo ne, wannan ba layinmu ba ne." Yana faɗin haka da wani irin daɗi, kamar mai ba da labarin sarautar gidansu.

Auta ce ta jawo masa abin da ya sa ya daina faɗin wannan magana. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata. Yayyenta duk sun yi sallama da boko tun daga sakandare, ita kuwa ta riƙe shi gam. Burinta ta karanci haɗa magunguna a jami'ar jihar, wadda daga rumfar ubanta ma ana hango hasumiyar ruwanta. Ta zauna jarrabawar shiga, sakamako ya fito da kyau, gida ya kaure da murna. Ita kaɗai ce ba ta saki jiki ba. Ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani a hankali. Jami'ar, in ji ta, layi biyu take yi wa masu nema. Mafi yawan gurabe na mazauna jihar ne, kuma makin da ake nema daga gare su da sauƙi. 'Yan guraben da suka rage su ne na baƙi, mutanen ƙasa kaf suna wawa a kansu, sai maki ya yi tashin gwauron zabi. In a layin mazauna aka sa ta, ta wuce da rata mai yawa. In a layin baƙi ne, ta gaza da ɗan kaɗan.

Mai Tuta ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce in dai wannan ce damuwarta to ta je ta yi barcinta. Wace irin baƙuwa ce za a haifa a asibitin kwatas, har yana jin kukanta daga bakin aiki? Takardar shaidar zama kawai ake so ko? Gobe zai karɓo mata kafin ta gama shara.

Washegari ya sa kakinsa da ya sha guga, ya ɗauki jakar takardunsa, ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ma'aikaciyar da ke teburin mace ce mai fara'a, tana ganinsa ta gane shi. Ta ce ai shi ne Baban da ke sa ta makara kullum, suka yi dariya, har ta sa aka kawo masa kujera. Ya zazzage mata takardu: ta kama aiki, ta ƙarin girma, ta yabo daga babban ofis, da takardar haihuwar Auta mai hatimin asibitin dogo. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ta mayar masa. Ta ce abin da doka ta nema shi ne rasit ɗin harajin gida na jiha, ko na ruwa, ko wasiƙar mai unguwa. Ya ce su ba sa biyan waɗannan, nasu daga albashi ake cirewa. Sai ta jawo taswirar unguwanni ta shimfiɗa a gabansa. Ko'ina da launi da lamba, ban da wani dogon zirin da ya bi gefen layi, shi fari ne fat.

"Baba, ga kwatas ɗinku nan," in ji ta. "Wallahi na san a garin nan kake, kowa ma ya sani. Amma a wajen takarda ba kowa a wurin nan."

Da ta ga yadda fuskarsa ta sauya sai ta rage murya ta ce akwai wata ƙofar. In wani mazaunin gari ya karɓi riƙon yarinya ta hannun kotu, kuma ta koma gidansa da zama, to za a lissafa ta a kansa. Mai Tuta bai bari ta kai ƙarshe ba ya tattara jakarsa. Yana raye, da lafiyarsa, da albashinsa, wani zai riƙe masa 'ya? Ya yi mata godiya a daƙile ya fita.

Daga can gidan mai unguwa ya wuce. Dattijon ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya saurare shi, ya jinjina kai. Ya ce ya taɓa sa hannu wa wanda sunansa ba ya cikin rajistar unguwa, saura ƙiris rawaninsa ya faɗi, ba zai kuma ba. Sannan ya tuna masa, ba da gori ba, cewa shekarun baya da aka yi rajistar magidanta yaransa sun shiga kwatas gida gida, aka sallame su. Mai Tuta ya sunkuyar da kai, don bai manta ba. Shi ne ma wanda 'yan kwatas suka tura ya yi magana da yawunsu. Ya ba yaran ruwa mai sanyi, ya rako su har bakin layi, ya ce su gai da mai unguwa, su dai 'yan dogo ne. A ranar har yaba masa aka yi da iya magana.

Ya gwada jihar da ake cewa nan ne asalin kakansa. Ya kira wani ɗan'uwa na nesa, aka yi ta tura shi daga wannan lamba zuwa waccan. A ƙarshe aka ce ya zo da wanda zai nuna gidan kakan nasa. Gidan da shi kansa bai taɓa gani ba, wa zai nuna? Ko da an nuna ma, su ma can sai wanda ya zauna suke ba wa. Ya ajiye waya. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tare garin nan kaf da hannu ɗaya, ashe shi kansa ba ɗan ko'ina ba ne.

Matarsa ta bar shi ya kwana biyu yana ƙunci, sannan ta kawo maganar da ya san za ta kawo. Ga Yaya nan, in ji ta, gidansa a tsakiyar gari, rasit ɗinsa na haraji sun cika durowa. Yayan nata shi ne Mai Tirela, mutum mai ƙiba da ƙarar murya, wanda ke da manyan motoci suna dakon kaya. Tsakaninsa da Mai Tuta ba gaba, amma ba a taɓa zama an tashi ba tare da an soki juna ba. Mai Tirela kan ce jirgin ƙasa tsohuwa ce mai sanda, shi kuma ya rama da cewa tireloli ne suka cinye titunan ƙasar nan. Sau nawa Mai Tirela yana ce masa ya sayi ko ɗan fegi ne a cikin gari ya sa sunansa, yana amsa masa da cewa gidan gwamnati ya ishe shi? Yanzu wannan mutumin zai je ya durƙusa wa. Ya ce da matarsa ta bar maganar. Ta ce ta bari, amma ya sani ranar rufe karɓar takardu ba ta jiran zuciyar kowa ta huce.

Abin da ya karya shi ba maganarta ba ce. Da yamma ya dawo cin abinci ya tarar da Auta a bayan gida ta fito da tsofaffin littattafanta na jarrabawa tana kaɗe musu ƙura. Ta ce ba komai, za ta sake zama baɗi, wannan karon za ta ci makin baƙin. Ta faɗa tana murmushi don kada ya ji ciwo, shi kuwa murmushin ne ya fi yi masa ciwo. Ya san yadda ta yi karatun nan har idonta ya faɗa, kuma ya san baɗi makin baƙi zai ƙara hawa ne, ba sauka ba. Bai ci abincin ba. Ya sa hularsa ya tsallaka layi.

Ya sami Mai Tirela a garejinsa yana yi wa wani makanike faɗa. Yana hango shi ya washe baki ya ce yau kuma jirgi ne ya ɓata hanya har ya shigo gareji? Mai Tuta bai rama ba, kuma wannan ne ya sa Mai Tirela ya dube shi da kyau, ya sallami makaniken, ya ja shi ofis ya rufe ƙofa. Mai Tuta ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa. Ya shirya wa gori, ya ma tanadi yadda zai haɗiye shi. Amma Mai Tirela bai ce uffan a kan fegi ba. Ya ce yarinya ai tasa ce tun asali, ɗaki yana nan, matarsa za ta yi murna, a gaya masa ranar kotu kawai. Da zai raka shi ne dai halin ya motsa, ya ce amma fa in ta zama babbar mai magani, tirela za ta fara saya ba tarago ba. Mai Tuta ya yi ɗan murmushin da bai kai ciki ba.

Ofishin rantsuwa na kotun ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da benci biyu. Suka zauna su uku, Auta a tsakiya. Akawun, wani siririn mutum mai tabarau, ya ce ƙa'ida ce ya karanta a fili kafin a sa hannu. Ya karanta da muryar wanda ya karanta irinta sau dubu: cewa shi wane, mahaifin wance, ya tabbatar ba ya iya ɗaukar nauyin cinta da suturarta da karatunta, don haka ya miƙa riƙonta ga kawunta da yardarsa.

Mai Tuta ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai san haka aka rubuta ba. Mai Tirela ya yi gyaran murya ya ce ai maganar takarda ce kawai, kowa haka yake sa hannu. Auta kuwa ta miƙe tsaye, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, mu tafi gida. Na fasa. Ba za ka rantse a kan wannan ba saboda ni."

"Zauna, Uwata."

"Wallahi na fasa."

"Na ce ki zauna."

Ta zauna. Ya juya wajen akawun ya ce a sake karanta masa, a hankali. Aka sake. Ya ce ci da sutura a cire su, don yarinyar nan ba ta taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ba ta taɓa fita da yagaggen zane ba, kuma ba zai ɗaga hannu ya yi wa Allah ƙarya a kan wannan ba. Akawun ya ce ba a saba taɓa rubutun ba. Mai Tuta ya ce to yau za a fara. Suka kalli juna, akawun ya ga irin mutumin da ke gabansa, ya ɗauki biro ya ja layi a kan kalmomin biyu ya buga hatimi a gefe. Saura karatu. Mai Tuta ya juya wannan kalmar a ransa ta kowace fuska yana neman ƙarya a cikinta, don da ya samu da ya huta. Bai samu ba. Ya biya kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya, ya sayi littafi, ya sayi fitila, amma ga ƙofar jami'a an kawo, kuma shi ba shi da abin da zai buɗe mata ita. Ya ɗaga hannu ya maimaita abin da aka ce ya maimaita, muryarsa ba ta yi rawa ba. Sannan ya sa hannu.

Da yake masu bincike kan zo gida ba sanarwa su ga ko da gaske yarinya na zaune a inda aka ce, dole Auta ta koma a satin. Mai Tirela ya ce zai turo mota, Mai Tuta ya ce ba sai an turo ba. Shi ya ɗauki akwatin a kafaɗa, tana biye da shi da jakar littattafai, suka tsallaka layi suka ratsa kasuwa. Tafiyar ba ta da nisa, mai sayar da goro ma yana yin ta sau da yawa a yini. A ƙofar gidan ya sauke akwatin, ya ce ta yi wa kawunta da matarsa biyayya, kada ta sa a ce 'yan kwatas ba su da tarbiyya. Aka yi aka yi ya shiga ya sha ruwa, ya ce ya bar aiki ba kowa.

Bayan nan gidan ya yi masa faɗi. Ba mai kawo masa abinci rumfa da rana ta zauna tana yi masa surutun sunayen magunguna masu karya harshe. Uwarta kan je can kusan kullum ta dawo da labari: an ba ta ɗaki mai fanka, masu bincike sun zo sun same ta tana wanke-wanke, takardar shaida ta fito. Shi bai taka ba ko sau ɗaya. Yakan ce aiki ne ya yi yawa, alhali jiragen da ke wucewa a yini ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Gaskiyar ita ce ba zai iya tsayawa a ƙofar wani yana sallama a kira masa 'yarsa ba. Maƙwabta a kwatas wasu suka ce ya yi dabara, wasu suka ce ya sayar da girmansa. Waɗanda ke da yara masu tasowa kuwa suka fara zuwa a ɓoye suna tambayarsa yadda ake yi.

Wata ranar kasuwa da la'asar waya ta yi ƙara, jirgin kaya na tafe. Ya sauke ƙarfe ya fito da jar tuta. Titi ya cika maƙil ta kowane ɓangare. Can a tsallake, cikin masu babura da masu tura baro, ya hango Auta tana kutsawa tana ɗaga wayarta sama. Ta iso bakin ƙarfen tana haki, ta sunkuya za ta bi ta ƙarƙashi. Ya busa mata usur da ƙarfi kamar yadda zai busa wa kowa, ya nuna ta da tuta. Ta ja da baya. Jirgin ya shigo tsakaninsu, dogo ne mai taragu kamar ba za su ƙare ba, ƙasa na girgiza. Ta tsakanin tarago da tarago yana ganin fuskarta tana ɓullowa tana ɓacewa, bakinta na motsi, ba ya jin komai. Bai san ko dariya take ko kuka ba. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa jin jirgi ya yi masa tsawo ba sai ranar.

Taragon ƙarshe ya wuce. Ya tsaya har ya ga bayansa ya yi nisa yadda ƙa'ida ta ce, sannan ya ɗaga ƙarfe. Ta rigayi babura tsallakowa.

"Baba, an ba ni. Haɗa magunguna. Yanzu sunaye suka fito."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya kuma cewa. Ya rasa inda zai sa tutar, sai ya soke ta a hammata ya karɓi wayar da hannu biyu. Rubutun ƙanana ne, kuma idonsa ya cika da ruwa, bai ga komai ba, amma ya daɗe yana kallo. Wani direba da ke wucewa ya leƙo ya ce yau Mai Tuta da dariya, lallai za a yi ruwa. Ya ja ta cikin rumfa ya ba ta kujerarsa, shi ya zauna a kan bokiti. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba tukuna, ko Mama, nan ta fara zuwa. Daɗi ya kama shi, sai tambayoyi yake jero mata: yaushe za a fara, me da me ake bukata, akwai ɗakin kwana ko daga gida za ta riƙa zuwa. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan wata magana ta shiga murza gefen mayafinta.

"Sun ce ranar rajista kowa ya zo da wanda sunansa ke kan takardar riƙo. Mutum ɗaya suke bari ya shiga."

Mai Tuta ya gyaɗa kai da sauri. Ya zaro tutar ya shiga naɗe ta a jikin sandarta, a tsanake, yana daidaita bakin ƙyallen.

"Ai ya yi daidai," in ji shi. "Dama ina da aiki ranar."

Auta ta dube shi. Ba ta riga ta gaya masa wace rana ce ba.